Za a yi wa yarona aikin kaba a Jidda, ga kuma goyo a bayana

Maman Biyu, Jidda: Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda aka taɓa kwantar musu da yaro a asibiti a ƙasar nan, ku ba ni haske. Ɗana mai shekara 4 yana da kaba. In ya yi kuka ko tari sai gefen mararsa ya kumburo kamar ƙwan kaza, in ya kwanta ya koma. Likita ya ce sai aiki. Maigidana yana da ta'amin, wato inshorar lafiya, na kamfani, dukkanmu muna ciki, muwafaka, wato amincewar masu inshorar, kawai muke jira. Damuwata ina da goyo 'yar wata 7, kuma ba ni da kowa a Jidda sai maƙwabciya. Za su bar ni in kwana da jaririyar a ɗakin? In sun hana, uban zai iya kwana da shi? Inna kuma ta ce in bari sai hutu mu zo Kano a yi, ga masu jinya rututu. Na rasa na kamawa.

Direba a Riyad: Wa alaikumussalam. Shawarata ki fara yi masa ta'amin, don asibitin kuɗi babu ta'amin wuta ne. Abokin aikina riyal 11,000 ya biya a irin wannan aikin.

Maman Biyu: Malam, ai na ce muna da shi.

Tela a Karantina: 11,000? Sa aka yanka? Ɗan ƙanwata 4,500 aka yi masa bara. Da safe suka shiga, da la'asar yana gida yana rigimar a ba shi biskit.

Direba a Riyad: Ka tambaye ta ko ta haɗa da kuɗin gado da gwajin jini da harajin kashi 15. Ɗan ƙasa gwamnati ke ɗauke masa harajin nan a asibitin kuɗi, mu kuwa daga aljihunmu.

Hajiya ta Jarwal: 'Yata, Allah ya ba shi lafiya. Ɓangaren yara mace ce ke kwana, murafika, wato mai jinya, ɗaya tak. Uba sai lokacin ziyara ya leƙo ya tafi. Ki ɗauki bargo mai kauri da safa, sanyin na'urarsu yana shiga ƙashi. Ki ɗauki abin wasan da ya fi so da cajar waya.

Uwar Mai Sikila, Makka: Ni in na ji an ce kwanciya asibiti har yanzu gabana faɗuwa yake. 'Yata tana da sikila. Ciwon ya taso mata da tsakar dare, tana ihu tana riƙe ƙafafu, muka ruga sashen gaggawa. Sun karɓe ta, wannan ba zan yi musu ƙarya ba. Sai da gari ya waye aka kira babanta ofishin kuɗi aka ce ta'amin ɗinmu ya ƙare. Ashe kafili, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, bai sabunta ba, ikamar ma, wato takardar izinin zama, saura kwanaki. Kullum ya kira shi sai "bukra in sha Allah".

Kwana 9 muka yi. Ni kaɗai a kan kujerar nan mai miƙewa, sauran yarana uku suna gidan maƙwabta, ƙaramin yana kuka a waya yana cewa Umma yaushe za ki dawo. Sau huɗu ana neman jijiya a hannun yarinyar kafin allurar ƙarin ruwa ta zauna, ina danne da ita tana kallon idona. Nas ɗin 'yar Filifin ce, Turanci take yi. Likitan Bamisire, Larabcinsa gudu yake kamar an koro shi. Ni Larabcin kasuwa na iya. Aka miƙo min takarda na sa hannu, ban san ta ƙarin jini ba ce sai da na ga an rataye leda ja. Ranar sallama kuɗi ya haura 17,000. Sarƙata da 'yan kunnena na aure suka tafi, sauran muna biya har yau. Ba wanda ya zage ni a wurin, amma kwana tara ban ji wanda ya ce min sannu da Hausa ba.

Hajiya ta Jarwal: Innalillahi. Sannu 'yar nan. Da kin aiko, ai Jarwal ba nisa, da na zo na karɓe ki ko na wuni ɗaya.

Ɗan Misfala: Allah ya saka miki da alheri, Yaya. Ni abin da ya fi ba ni wahala abincinsu ne, shinkafa fara sol da kaza ba gishiri. Na ɓoye wa uwargida kular tuwo da miyar kuka a cikin jakar kaya, mai gadi ya ji ƙamshin daddawa ya ce wane magani ne wannan, na ce na gado ne!

Nas a Madina: Maman Biyu, ki saurara da kyau. Kafin a sa yaro barci don aiki, ana tsayar da abinci da madara awa 6, ruwa zalla awa 2, sai dai in likitanku ya faɗi wani lokaci daban. Zai yi kukan yunwa, ki daure. Bayan ya farka zai iya yin rigima ko amai, wannan ba abin tsoro ba ne. Yawanci ranar ake sallama ko a kwana ɗaya. Amma in kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, wurin ya yi ja, yana amai, hanji ne ya maƙale. Kada ki jira muwafaka, ki kira motar asibiti a 997 ko ku tafi gaggawa. Shi ya sa ban son zancen jiran hutu. Kuma kada ki sa hannu a takardar da ba ki gane ba, ki ce a kawo mai fassara.

Hajiya ta Jarwal: Awa shida yaro ba ko kunu? Jikana na ba shi cokali biyu da asuba, lafiya lau aka yi aka gama.

Nas a Madina: Hajiya, Allah ne ya tsare. Abin da ke ciki yana iya tasowa ya shiga huhu yana barci. Da sun sani ɗage aikin za su yi.

Hajiya ta Jarwal: Shekarata 31 a Makka, 'ya'ya takwas na raina. Ke nawa kika haifa?

Tela a Karantina: Hajiya, a yi haƙuri, a kan bargo ke za mu bi, a kan allura ita.

Kawu daga Fagge: Ku kawo yaro gida kawai. Likitocinmu sun iya aikin kaba tun ba a haife ku ba, ga kaka ga gwaggo ga mai kawo kunu.

Direba a Riyad: Kawu, kana Fagge kana yanke mana hukunci. Ka san kuɗin tikitin mutum uku daga Jidda zuwa Kano? Ga bizar fita da dawowa riyal 200 kowane kai na wata biyu. Kuma ta'amin ɗin da zai biya mata a nan, wa zai karɓe shi a can?

Ɗan Misfala: Kuma ko suna Kano kuɗin murafikai, wato harajin zaman iyali da baƙo ke biya, bai daina hawa ba. A watan Yuli na 2017 aka fara da riyal 100 kowane kai a wata, ana ƙara ɗari duk shekara, tun 2020 yana 400. Mata da yara biyu 1,200 ke nan a wata, 14,400 a shekara, kafin haya, kafin makaranta.

Uwar Mai Sikila: Shi ya sa babansu yake cewa bana za mu koma gida. To ni yarinyar nan nake tunani, likitan da ya san fayil ɗinta yana nan.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Muwafaka ta fito ɗazu. Amma har yanzu ba wanda ya ce min komai a kan jaririyar. Akwai wadda ta taɓa shiga da goyo?

Direba a Riyad: Ni nawa tun 2019 na mayar da su Zariya. Albashin direba ba ya ɗaukar kai huɗu. Ɗan autana a waya ya koyi ce min Baba.