"Image" na kwamfuta: hoto, kwafi ko zubi?

Jama'a, ga inda muka kwana kan kalmar Hausa ta "image" na kwamfuta da na nemi ku taya ni nema. Asalin maganar, ina koya wa wasu samari biyu aiki a ɗakin kwamfutocinmu, na ce yau za mu ɗauki hoton wannan injin mu sa wa sauran. Ɗayansu ya zaro waya zai ɗauka. Ban ga laifinsa ba, hoto na ce.

Ga aikin kansa. Ka shirya kwamfuta guda tsaf, ka saka mata Windows da manhajojin da ake bukata, ka bi ta da manhajar Sysprep ta Windows don ta manta sunanta da lambobin shaidarta, sannan ka kwashe duk abin da ke cikin faifanta ka dunƙule shi fayil ɗaya. Wannan fayil ake turawa ta kebul zuwa sauran, su tashi kamar an tsaga kara. Manhajar Clonezilla na yin aikin kyauta. Tsofaffin hannu kuwa manhajar Ghost suka sani, wadda kamfanin Symantec ya saya a 1998.

Masu cewa kwafi sun fi yawa. Matsalarsa faɗi: takarda ɗaya ma kwafinta ake yi, ba ya nuna cewa injin gaba ɗaya aka ɗauke. Wani malami ya kawo hatimi, na kwana ina juya shi don ya yi mini daɗi a baki. Amma hatimi a kan rubutu ake buga shi, na ƙasa yana nan. Shi wannan abin shafe faifan yake yi, ba ya barin ko kara.

Ni dai zubi na tsaya. Ku tuna masu zubin tukwanen alminiyam: tukunya ɗaya ake dannawa a cikin ƙasa a fitar da siffarta, duk wadda aka zuba bayanta ita take kama. Kuma dama muna cewa "zubinsu ɗaya". Aikatau ma a hannu yake: an zuba wa injina goma, gobe a zuba wa sauran. Ita ta farkon da aka shirya, uwar zubi. Wanda ya ce za a rikita da zubin adashe, ranka ya daɗe, ba wanda zai shiga ɗakin sabar (manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima) da kuɗi a ƙulle a gefen zane.

Akwai wasu kalmomi biyu da ke tafiya da wannan aiki. "Update" ba gardama, sabuntawa ya zauna. "Patch" kuwa masu faci na bakin titi sun riga mu, kuma ma'anar ba ta kauce ba: toshe huda a manhaja. Microsoft na sakin nasa a Talata ta biyu ta kowane wata tun Oktoban 2003, ga Talatar faci ke nan. Dole a raba faci da zubi, domin zubi daga ranar da aka ɗauke shi yake fara tsufa, faci ke riƙe shi. Cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta ɓarke a Mayun 2017, har asibitocin Ingila ta taɓa, alhali facinta ya fito tun Maris.

Saura injinan nan biyu ko uku da ake fara gwada faci a kansu kafin a sake shi ga kowa. Samarin nawa zakaran gwajin dafi suke kiransu, kuma na bar musu.