"Kishi kumallon mata": to me ya hana shi motsawa a kasuwa?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum jama'a. Jiya gardama ta kaure a shagonmu na Kantin Kwari. Ƙanwata tana sayar da atamfa da leshi a gida, sai maƙwabciyarta ta fara irin sana'ar, ta kuma karya farashi. Na ce ita ma ta sauko, ta ce ba za ta yi tsere da kowa ba, rabonta ba zai wuce ta ba. Wani dattijo ya ce a baki kawai take faɗar haka, ai kishi kumallon mata ne, in ya motsa sai an haras. Ni kuwa a kasuwa maza nake gani suna ƙwace wa juna kwastoma har a bakin rumfa. Ina kumallon yake?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Yaya, don zaman kishi aka yi maganar nan, ba don ciniki ba. Kuma ƙanwarka ta yi lissafi. Wadda kake so ta kayar, ita za ta riƙe mata yara ranar awo, wataƙila ma adashe ɗaya suke zubi.

Abu Hanif: Masana tattalin arziki sun gwada abin. A Amurka, Muriel Niederle da Lise Vesterlund sun ba ɗalibai lissafi, suka ce kowa ya zaɓa: a biya shi daidai abin da ya ci, ko ya shiga gasa wanda ya zo na ɗaya ya kwashe. A sakamakon da suka fitar a 2007, maza kashi 73 cikin 100 suka zaɓi gasa, mata kashi 35, alhali mazan ba su fi su iya lissafin ba. Amma a binciken Uri Gneezy da abokansa na 2009, matan ƙabilar Khasi ta Indiya, inda gado ke bin tsatson uwa, sun fi mazansu shiga gasa. Tarbiyya na da hannu ke nan.

Baffa na Fagge: Kashi 73 ɗin nan duk na san su, su ne ke sayen fom ɗin takara. Mutum ko akwatin layinsu ba zai ci ba, amma fastarsa ta rufe Gadar Ƙofar Nasarawa.

Jikar Hajiya: Ku bar Indiya ku zo Yakasai. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana cikin kulle tun zamanin dalar gyaɗa, ba ta zuwa Kurmi, amma man gyaɗa da ƙuli-ƙulinta har Fagge ake aikowa saye. Abokiyar zamanta ma sana'ar ke nan, tsakar gida ɗaya, murhu biyu. Kaka ba ta taɓa rage ko anini ba. Sai dai tun kafin assalatu ta gama matsa, 'yar tallarta ta riga kowa isa wajen masu koko da 'yan tsire. Ƙulinta ya fi yaji, gyararta ta fi auki, kuma tana ba da bashi har ƙarshen wata. Duk don me? Don ranar jeren 'yarta a ga kwanuka da langa sun kusa taɓa rufi. A biki kuwa, in ƙawa ta kawo mata sule biyu, huɗu take mayarwa. Da abokiyar zaman ta kwanta ciwo wata damina, Kaka ce ta riƙa soya mata gyaɗa, ta ɗora wa yarinyarta, ta ƙulle mata cinikin a gefen zani bai yi ciwon kai ba. Ranar da ta miƙe kuwa aka ɗora daga inda aka tsaya.

Maman Ilham: Allah ya kai haske kabarinta. Wannan ai gasa ce ta gaske.

Ɗan Kwari: Amin. To ke nan dattijon ya yi gaskiya?

Abu Hanif: Labarin ya yi daidai da gwajin da Alessandra Cassar da abokanta suka yi a Sin, aka buga a 2016. Da aka mayar da ladan gasar ya zama takardar sayen littattafan yara maimakon kuɗi, iyaye mata sun shiga gasar kamar maza.

Malama Hauwa: Ni 'yar tallar ce ta tsaya min a rai. Ita ta yi sammakon, ita ta rasa makaranta. Har yau ku duba Ƙofar Wambai da safe. A ba mata jari da rumfa su yi cinikinsu da kansu.

Baffa na Fagge: Jari, Malama? Sai zaɓe ya matso a zo da turmin atamfa da taliya, a ɗauki hoto a ce an tallafa wa mata.

Ustaz na Gwale: A dai bambanta kishi da hassada. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, fataucinta har Sham yake zuwa.

Maman Ilham: Jikar Hajiya, a gidanku akwai mai yin man har yanzu? Na kwalbar nan na kasuwa duk gauraye ne, ina neman galan ɗaya kafin azumi.