Neman Shawara: An ce sai goggona ta biya N5,000 kafin a saka ta cikin masu karɓar tallafin gwamnati

Mai tambaya:
Assalamu alaikum Admin da 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana.

Ina da goggo, ƙanwar mahaifinmu, a wani ƙauye a Jigawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, babban ɗanta da yake riƙe da gidan shi ma Allah ya yi masa rasuwa bara, ya bar mata jikoki huɗu. Ɗaya daga cikinsu shan inna ta taɓa masa ƙafa tun yana ƙarami. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, amma jarin ya karye tun wajen jinyar ɗan nata.

Zamanin Buhari tana cikin matan da ake ba N10,000 duk bayan wata biyu, har kati aka ba ta mai hotonta. Daga baya abin ya tsaya. Da aka zo da wannan na N25,000, wasu cikin matan da suke bin layi tare sun samu, ita shiru.

To makon jiya wani mutum ya shigo garin da jaka cike da takardu, ya ce shi aka turo ya sabunta sunaye. Kowa zai ba da N5,000, da lambar NIN, da BVN, da hoton katin ATM gaba da baya. Ya ce ranar Juma'a za a rufe. Goggo ta kira ni in turo mata. Ni tela ne a Kano, kuɗin ba za su gagare ni ba, amma raina bai kwanta ba. Idan kuma na hana, sauran mata suka samu, da wane ido zan kalle ta? Wanda ya san yadda abin nan yake tafiya ya taimaka mini.

Maman Sadiq:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa kar ka tura ko sisi. Tun daga inda ya ce hoton ATM gaba da baya magana ta ƙare. Mai son ya zuba maka kuɗi lambar asusu kawai yake buƙata. Lambobin jikin kati na mai son ya kwasa ne. Ka kira ta yanzu ka ji ko ta riga ta ba shi wani abu.

Abu Hafsat:
Na taɓa yin aikin ɗaukar bayanan gidaje a wannan shiri, don haka bari in ɗan tsawaita, a yi haƙuri.

Abu na farko, ba a shiga da fom, kuma ba a biyan kuɗi. Akwai kundi guda da ake kira rajistar marasa galihu ta ƙasa. Ofishin NASSCO ne yake riƙe da ita a Abuja, kowace jiha kuma tana da nata ofishin da ake ce wa SOCU. Yadda muke yi, sai a zo gari a tara jama'a, maza daban, mata daban, matasa daban. A tambaye su: a garin nan wa kuke kira talaka? Wani gari su ce wanda ba ya ɗora tukunya sau biyu a rana, wani gari su ce wanda hatsinsa ba ya kai shi bazara. Da wannan ma'auni su da kansu za su lissafo gidaje, a haɗa jerin rukunonin uku, a karanta a bainar jama'a. Sannan mu bi gida-gida da na'ura muna tambaya: ɗaki nawa, rufin kwano ne ko na ciyawa, ina ake ɗibar ruwa, yara nawa ke zuwa makaranta. Kwamfuta ce take jera gidajen daga wanda ya fi talauci. Mu masu na'urar ma ba mu da ikon cewa wane zai samu.

Abu na biyu, kuma nan ne mutane suke ruɗewa: kasancewa cikin rajista daban, a biya ka daban. Masu biya wani ofishi ne, NCTO, su suke ɗibar sunaye daga rajistar gwargwadon kuɗin da ke ƙasa.

Wancan na Buhari N5,000 ne a wata, ake haɗa na wata biyu. Bashin Bankin Duniya ne da kuɗin Abacha, dala miliyan 322 da Suwizalan ta dawo da su, suka ɗauki nauyinsa. Sau da yawa a hannu ake biya, mace ta nuna katinta a ƙirga mata. Wannan na yanzu Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da shi a Oktoban 2023, bayan cire tallafin mai: N25,000 sau uku, jimla N75,000, ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, aka kuma tsayar da shirye-shiryen na ɗan lokaci. Da aka dawo, sai aka tsaurara: dole sunan da ke cikin rajista a haɗa shi da NIN, kuɗin kuma ta asusu suke bi, ba hannu da hannu ba.

Saboda haka goggonka, tunda ta taɓa karɓa, sunan gidanta ya shiga rajista tun tuni. Abin da za ka bincika shi ne ko an haɗa sunan da NIN ɗinta. Gaskiya ne ma'aikata suna fita wannan aiki na tantancewa, shi ya sa ɗan damfarar ya samu ƙofa. Amma na gaskiya ta hannun dagaci ko mai unguwa suke shigowa, da katin aiki a wuya, kuma ba sa karɓar kuɗi.

Ɗan Kwari:
Malam Abu Hafsat, duk wannan da ka faɗa a takarda ne. Mu da muke ƙasa mun ga yadda ake rabon kayan tallafi, wanda yake da ɗan'uwa a siyasa shi ke fita da buhu. Ni a ganina N5,000 a kan N75,000 ba asara ba ce. Ya biya, amma kar ya ba da katin. In ta fito, riba. In ba ta fito ba, ya ɗauka sadaka ya yi.

Abu Hafsat:
Ɗan Kwari, ban ce babu son kai ba. Gwamnonin jihohi ma da kansu sun soki rajistar a 2023, sun ce ba su yarda da ingancinta ba. Amma ka bambanta rabon shinkafa da kansila yake rubuta sunaye a takarda, da kuɗin da ke fitowa daga kwamfuta a Abuja. Mutumin da ke yawo da jaka ba shi da hanyar taɓa wannan kwamfutar. Kuma ga dabarar irinsu: cikin mata hamsin da suka biya, wasu dama sunansu yana kan hanya. Ranar da alat ya shigo musu sai ya ce aikinsa ne, sauran kuma su ƙara kawo kuɗi.

Maman Sadiq:
Sadaka ga ɓarawo kuma, Ɗan Kwari? Ga marayu huɗu a gida.

Mai POS:
Ni kullum tsofaffin nan a gabana suke. Ranar da aka ji an fara biya, tun da safe za ka ga mata sun cika rumfata, kowa da katinta ƙulle a bakin zani, a duba mata. Abin da na lura da shi, matsalar yawancinsu uku ce.

Suna. A ƙauye an rubuta ta da sunan da aka san ta da shi, ta je yin katin ɗan ƙasa ta ba da sunan yanka, banki kuma aka sa sunan miji a madadin na uba. Mutum ɗaya, suna uku. Kwamfuta ba ta san dangi ba, da ta ga bambanci sai ta ajiye.

Layin waya. Da yawa lambar da suka bayar ta ɗa ce ko ta maƙwabci, ko layin ya mutu an sayar wa wani. Saƙo ya zo, mai shi bai gani ba.

Sai asusun da aka daɗe ba a taɓa ba, banki ya rufe shi.

Ka sa a danna *346# a layin da ta yi rajistar NIN da shi, lambar za ta fito. BVN kuma *565*0#. Ana cire ɗan kuɗi kaɗan a katin waya. Sannan ka ɗora takardun nan kusa da juna ka karanta sunan harafi-harafi. Kuma ka ja mata kunne: duk wanda ya kira ya ce ta karanto lambar da ta shigo wayarta, ko da ya ce daga Abuja yake, ta kashe wayar.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na kira, ba ta ba shi komai ba tukuna, Alhamdulillahi. Na sa jikanta ya karanto mini takardun. A tsohon katin tallafi Kulu aka rubuta da sunan mijinta, a takardar NIN kuma Hauwa'u da sunan kakanmu. Layin da ta bayar a lokacin na marigayi ɗanta ne, wayar ma ba a san inda take ba. Yanzu wanne za a gyara?

Abu Hafsat:
To ka ga inda gizo yake saƙar. Kar ka taɓa NIN, tunda sunanta na gaskiya ke ciki. Canza suna a NIN kuɗi ne da jira, kuma zai iya rikita mata BVN. Rajistar za a gyara ta dace da NIN. Ku je sakatariyar ƙaramar hukumarku ku nemi jami'in da ke kula da shirin tallafin kuɗi, ku ce kun zo shigar da koke. Shirin yana da tsarin karɓar koke, kyauta ne. A rubuta cewa suna bai dace ba, lambar waya kuma ta canza. Ka tabbata an rubuta a gabanka, ka karɓi wata shaida ko da lamba ce. Ban yi maka alkawarin kuɗi za su fito ba, domin masu jira sun fi kuɗin yawa nesa ba kusa ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2022 ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma mafi yawansu a Arewa suke.

Malama daga Dutse:
Ɗan'uwa, kowa ya tsaya kan kuɗin tarayya, an manta da yaron nan mai lalurar ƙafa. Jigawa tana da alawus na wata-wata ga masu buƙata ta musamman tun 2007, zamanin Sule Lamido, da N7,000 aka fara. Adadi ne ƙayyadadde a kowace ƙaramar hukuma, ba kowa ke samu ba, amma ku tambaya a sashen walwalar jama'a tunda dama sakatariyar za ku. Ku kuma nemi shugaban ƙungiyar masu buƙata ta musamman na yankin, su suka fi sanin lokacin da gurbi yake buɗewa.

Sai zakka. A nan masarautu suna da kwamitocin zakka, na masarautar Dutse ma ya yi suna, ana tara hatsi da kaka a raba a gundumar da aka tara. Gwauruwa mai riƙon marayu huɗu, ai ita ce a sahun gaba. Ta hannun mai unguwa da limami ake bi. Goggo ba za ta iya kai kanta ba, kunya ba za ta bar ta ba, kai za ka yi mata magana.

Na ƙarshe, kuma ni a wurina ya fi N75,000 ɗin muhimmanci: inshorar lafiya ta marasa galihu. Akwai asusun BHCPF da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, a Jigawa hukumar JICHMA ce take yi wa mutane rajista. Wanda ya shiga, ana duba shi a asibitin mazaɓarsa ba tare da ya biya ba. Kai da bakinka ka ce jinya ce ta cinye jarinta. In ta samu jari gobe, zazzaɓi ya kwantar da yara biyu da damina, an koma gidan jiya. Ku je asibitin mazaɓa ku tambayi mai kula da shi ko ana ɗaukar sababbi.

Baban Khalil:
Yaro, ni dattijo ne, bari in faɗa maka wadda ba za ka so ba. N75,000 sau ɗaya ake ba gida, a kashi uku. Mafi ƙarancin albashi na wata guda N70,000 ne tun 2024, kuma masu karɓarsa kuka suke. Da babu gara ba daɗi, haƙƙinta ne, ku bi mata shi. Amma ba zai riƙe marayu huɗu ba. Ku 'ya'yan 'yan'uwanta ku nawa ne? Ku zauna ku yanka wa kanku wani abu duk wata, ko N2,000 ne kowa, a ba mutum ɗaya amana ya riƙa saya mata gyaɗa. Ban ce a ba ta kuɗi a hannu ba, domin kaka ba ta iya ganin jika da yunwa tana riƙe da kuɗin jari.

Anti Ladidi:
Baba ya yi gaskiya. Ni abin da zan ƙara shi ne yadda za ka gaya mata. Kar ka ce "Goggo, damfara ce" ka kashe waya. Za ta ji kamar rowa ka yi mata, ga ƙawayenta suna ta biya. Ka tura mata N5,000 ɗin nan dai, ka ce na gyaɗa ne, batun suna kuma kai da kanka za ka zo ku je ofis. Tsoho abin da yake so ya ga an ɗauki maganarsa da muhimmanci. Sannan a sanar da dagaci a asirce, don sauran matan. Kar goggo ta zama ita ce ta tona shi a gari, ita za ta zauna da mutane bayan kun tafi.

Admin:
Jama'a, na goge saƙo biyu masu ɗauke da adireshin "cike fom ɗin tallafi". Kar wanda ya danna irinsu, kuma kar wanda ya rubuta NIN ko BVN ɗinsa a nan ko ya tura wa wani ta akwatin sirri, ko da ya ce zai duba masa.

Mai tambaya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Anti, na tura kuɗin ta hannun wani ƙanena ya auno mata gyaɗa a kasuwa. Ta ɗan yi fushi da farko, ta ce mu 'yan birni komai sai mun ce ƙarya ne, amma da na ce ina zuwa ta sauko. Yayanmu ya yi magana da dagaci, ya ce shi ba wanda ya sanar da shi zuwan wani ma'aikaci. Ranar Lahadi zan tafi in kwana, Litinin mu je sakatariya. Malam Abu Hafsat, me da me za mu riƙe?

Abu Hafsat:
Tsohon katin tallafi, takardar NIN, lambar asusunta in tana da shi, da sabon layi da aka yi wa rajista da NIN ɗinta, ba naka ba. In ba ta da asusu, da NIN kaɗai ana buɗe ƙarami, ku fara da wannan. Ka yi hoton kowace takarda biyu-biyu, asalin ya zauna a hannunku. Ku samu 'yar wasiƙa daga mai unguwa cewa Kulu da Hauwa'u mutum ɗaya ce. Ku tafi da yaron ma saboda sashen walwala, za su so su gan shi. Ku isa kafin ƙarfe goma, don Litinin jami'an sukan shiga taro.