Nisan Resolute zuwa Grise Fiord a jirgi, wa ya sani?

Ɗan Nima:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanina nas ne a Kanada, yana aiki a wani gari Resolute can ƙarshen arewa, yanzu wai za su tura shi Grise Fiord na wata biyu. Tun jiya tsohuwarmu ta hana ni sakat, wai nisan kamar daga ina zuwa ina ne, kuma me ya sa ba zai hau mota ba tunda shi tsoron jirgi yake tun yana yaro. Na duba taswira ban ga hanya ko ɗaya ba. Wanda ya sani ya taimaka in samu abin faɗa mata.

Malam Aboabo:
Wa alaikumus salam. A sama kusan kilomita 380 ne, ka ce wa Hajiya bai ma kai Ankara zuwa Tamale a jirgi ba, wannan ya haura 400. Amma maganar mota ta cire ta a ranta, Resolute a tsibirin Cornwallis yake, Grise Fiord kuma a tsibirin Ellesmere, ruwa ne da ƙanƙara a tsakani. Duk yankin Nunabut ma, inda garuruwan biyu suke, babu titi da ya haɗa gari da gari, ko babban birninsu Iqaluit sai ta sama ko ta ruwa ake shiga.

Yar Mamobi:
Ni Tamale kwana nake a bas kafin in isa, to shi awa nawa zai yi? Kuma shito (miyar yajin nan tamu ta Gana) da garin rogo fa, za su bari ya shiga da su?

Baban Sabon Zango:
Ƙanwata wajen awa ɗaya da rabi ne idan an tashi, wahalar tana wajen tashin. Na yi shekaru a Otawa kafin in dawo gida, abin da masu aiki can arewa suka fi kuka da shi kenan, ka shirya ka je fili a ce hazo ko iska ta hana, ka koma ka jira gobe, goben ma a ce jibi. Jirgin ƙarami ne mai farfela biyu, Twin Otter, mutum 19 ne iyakarsa kuma da kaya ba ya ɗaukar haka, filin saukar Grise Fiord tsakuwa ne ɗan guntu da kaɗan ya wuce mita 500 ga duwatsu a gefe, matuƙi sai ya ga ƙasa da idonsa. Shito zai shiga amma ana auna kaya sosai, kar a yi masa irin ɗaurin da muke yi wa mai zuwa Bawku. Grise Fiord ɗin duka mutanen ba su kai 200 ba, gwamnati ce ta kwaso Inuwit, 'yan asalin ƙasar, daga Inukjuak a arewacin Kebek ta zube su can a 1953, sai 2010 ta nemi gafara. Jirgin ruwan kaya sau ɗaya yake zuwa a shekara shi ya sa komai tsada.

Malam Aboabo:
Wane wata zai tafi? Don daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu rana ba ta fitowa can sam, ya tambayi malamai yadda zai lissafa lokutan salla.

Ɗan Nima:
Nuwamba ne Malam. Na gode, zan faɗa mata na Tamalen da awa ɗaya da rabi, maganar duhun nan kam shi ya kira ta ya faɗa da bakinsa, ba ni ba.