Wace Hausa za mu ba "chassis flex"?

Jama'a, ina neman agajinku. Ina rubutu ne kan tsofaffin motocin gudu na Turai, sai na ci karo da abin da Turawa ke kira "chassis flex", da abokin tafiyarsa "torsional stiffness". Na san abin da ake nufi, Hausar ce ta ƙi zama.

Shasi dai babu gardama a kansa. Kowane bakanike ya san shi, daga Kano har Maraɗi: ƙarfen da ake ɗora inji da tayoyi da bodi a kai.

Ga yadda abin yake. Idan taya ɗaya ta gaba ta hau tudu, sauran ukun suna ƙasa, shasin yakan ɗan juya kamar ana matse wanki, sannan ya koma yadda yake. Ido ba ya gani, amma direba yana ji: sitiyari na rawa a hannu, gilashi na kaɗawa, ƙofa na ƙara. Mafi muni, shasin ya zama sifirin na biyar wanda ba a tanada ba, sai motar ta daina bin umarni a kwana. Motoci marasa rufi irin su Triumph TR6 sun fi fama da wannan. Ku ɗauki kwalin da aka cire wa murfi ku murɗa, za ku gane dalili.

Da na fara tambayarku Hausar "chassis flex", wani ya kawo "lanƙwasa". Na gode, Malam, amma ba ta hau ba. Abin da ya lanƙwashe ya tsaya a haka ke nan, sai an kai wa mai walda. Namu kuwa yana dawowa da kansa.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya ce "murɗewa". Ya kusa ƙwarai, sai dai a sauya ƙarshen kalmar. Idan aka ce ƙarfe ya murɗe, magana ta ƙare. Amma idan mutum ya ce cikinsa yana murɗawa, kowa ya san yana kamawa ne yana saki. Saboda haka na tsaya a kan "murɗawar shasi".

Ta biyun, wato "torsional stiffness", yadda shasi ke jure wa murɗawar nan, ita ce ta fi ba ni wuya. Yawancinku kun ce "ƙarfi", ni kuwa a nan na ƙi. Dorina tana da ƙarfi, ba ta karyewa, amma yaro ma zai tanƙwara ta. Tukunyar ƙasa ba ta tanƙwaruwa ko kaɗan, amma dutse ɗaya ya ishe ta. Shasi zai iya ɗaukar kaya shekara hamsin bai tsage ba, alhali yana murɗawa a kowace gargada. "Tauri" kuma na nama ne da fata, ban da cewa da an faɗe ta hankali zai koma kan 'yan tauri da wuƙaƙensu. "Tsauri" ba laifi, sai dai ba ta nuna cewa maganar murɗa ake yi ba.

Tawa shawarar ita ce "ƙi-murɗa", a kan ginin ƙi-faɗi da ƙi-gudu. Ta dace da yadda injiniyoyi ke aunawa: a ɗaure bayan shasi, a juya gabansa, a ga nawa ne ƙarfin da zai murɗa shi digiri ɗaya.

Na gwada ta a jimla. Motar Cobra ta farko tana kan bututu biyu masu kaurin inci 3. Da aka sa mata babban inji na 427 a 1965, sai aka mai da su inci 4 don a ƙara mata ƙi-murɗa. Ta zauna, ko?

Kuma neman ƙi-murɗar nan ne ya haifar da siffofin da muke sha'awa. Mercedes 300 SL ta 1954 an saƙa shasinta da ƙananan bututai da suka taso har gefen kujera, babu wurin ƙofa irin ta kowa, shi ya sa ƙofofinta ke buɗewa sama kamar fukafukai. Ba ado aka nufa ba, dole ce. Maserati Tipo 61 kuwa bututai kusan 200 aka haɗa, har aka yi mata laƙabi da kejin tsuntsu. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus, ya bi wata hanya a Lotus Elan ta 1962: akwatin ƙarfe guda a tsakiya, mai rassa gaba da baya.

Waɗannan sun ba da sunayensu da kansu: shasin tsani na Cobra, shasin keji na Mercedes da Maserati, shasin ƙashin baya na Lotus. Wanda ya rage mini shi ne irin na MGB ta 1962, inda bodin ne da kansa shasin. Ina tsakanin "shasin ƙoƙo" da "shasin ɓawon ƙwai". Makanikai, wanne kunnenku ya fi karɓa?