Sun ce Kafosi ne a ƙafar maigidana, kuma sun ba mu takardar bincike mu sa hannu

Assalamu alaikum. Admin don Allah ki ɓoye sunana, akwai dangin mijina a gidan nan.

Ni a wajen Jega nake aure, shekara 11 ke nan, yara 4. Auren zumunci ne, ɗan wan babana ne, tun ina aji 2 na sakandare aka yi mana baiko, don haka uwarsa gwaggona ce ta wani ɓangaren kuma ita ta yaye ni. Na faɗi wannan ne don ku san ba matar da zan iya ɗaga wa murya ba ce. Fataucin albasa yake yi, yana lodi a Aliero ya kai kudu, wani lokaci wata 2 ba mu gan shi ba. Shekarar da motar da ya yi wa lodi ta faɗi, ni na sayar da firijina da 'yan kunnena na zinari ya tayar da jari, ban taɓa yi masa gori ba, ko da ya ƙaro aure bayan abin ya dawo.

A awon cikin autana aka gano ina ɗauke da cutar nan mai karya garkuwa. Aka kira shi, shi ma haka. Muka rufa wa juna asiri muka fara karɓar magani, yaron kuma Allah ya tsare shi.

To tun bayan ƙaramar Salla wasu tabbai suka fito masa a ƙafa, baƙi-baƙi kamar an ɗiga makuba, ba ƙaiƙayi ba zafi. Muka ce takalmi ne. Yanzu sun hau har ƙwauri, ƙafar ta kumbura ta yi tauri kamar icce, akwai ɗaya a ganɗarsa. A babban asibiti suka yanki ɗan nama suka kai awo, sakamako ya fito wai ciwon daji ne, sunansa Kafosi. Muna zaune sai wata likita ta zo da takardu, ta ce suna bincike kan masu irin ciwon, za su ɗebi jininsa da yawunsa, su riƙe sauran naman, ya riƙa dawowa, za su ba da kuɗin mota. Inna, uwar mijina, ta ce daji ba a taɓa shi da ƙarfe, tun yankan farko ma ba a shawarce ta ba. Shi kuma ya yi shiru ya bar ni da takarda. Talata za mu koma. In sa hannu ko kar in sa?

Maman Walid: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Ki yawaita Hasbunallahu.

'Yar Kabi: Kar ki sa! Kun manta abin da ya faru a Kano a 1996? Lokacin sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, sai 2009 aka daidaita da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Duk wanda ya ce zai ba ki kuɗin mota don ya ɗebi jininki, akwai lauje cikin naɗi.

Hajiya Nas Mai Ritaya: Ku dakata kar ku ruɗa yarinya. Shekara 32 na yi ina aikin jinya, na ga Kafosi tun kafin a samu maganin da kuke karɓa kyauta yau. Ƙanwata, abu biyu kika haɗa wuri ɗaya. Akwai jinya, akwai bincike. Jinya dole ce. Bincike ganin dama ne, in kun ƙi ba wanda ya isa ya hana shi magani, kuma in kun sa hannu yau kuna iya janyewa gobe.

Shi Kafosi ba cutar garkuwar ce take haifar da shi kai tsaye ba. Wata ƙwayar bairos ce daban, HHV-8, wasu likitoci biyu mata da miji suka gano ta a Amurka a 1994. A ƙasashenmu mutane da yawa suna ɗauke da ita tun yarinta, galibi ta yawu ake ɗauka, tana nan kwance ba ta komai saboda garkuwa ta danne ta. Ran da garkuwa ta faɗi sai ta miƙe. Shi ya sa suke son yawun nasa, ba wani tsafi ba ne. Kuma shi ya sa nake da tambaya wadda ba ki amsa ba a duk dogon labarin firiji: yana shan ƙwayarsa kullum? Yaushe rabonsa da awon yawan ƙwayar cutar a jini? Don wanda yake kan magani shekara da shekaru ba fashi, ba kasafai Kafosi ke yi masa irin wannan hawan ba.

Mai tambaya: Hajiya yana sha. Sai dai bara da ya daɗe a kudu ya ɗan tsaya.

Hajiya Nas Mai Ritaya: Ya ɗan tsaya kwana nawa?

Mai tambaya: Kamar wata 8. Amma ba laifinsa ba ne, katinsa a nan yake, can kuma a masaukinsu duk 'yan garinmu ne, ɗaki ɗaya suke kwana, in aka ga robar magani shi ke nan labari ya riga shi isowa gida. Da ya dawo na matsa ya koma.

Ummu Hanan: Haka suke wallahi. Nawa shekara 3 yana ɓoye robar a cikin tayar sifiya ta motarsa, ni ina ta fama da zazzaɓi ana ce min shawara ce, ana ɗura min saiwa. Sai da na kwanta asibiti na sani. Yau ya sake ni ya auri yarinya, kuma na tabbata ita ma bai faɗa mata ba. Ni dai na bar shi da Allah, ranar gobe ƙiyama akwai hisabi.

Inna Kulu Gwandu: Ɗiyata, ki ji maganar surukarki. Daji in ƙarhe ya taɓa shi hushi ya kai. Maƙwabcinmu da anka yanka, wata ukku bai yi ba. Akwai mai magani wajen Bunza, shafawa da hayaƙi ya ka badawa.

Hajiya Nas Mai Ritaya: Inna Kulu, da girmanki, amma maƙwabcin naku ba wuƙa ce ta kashe shi ba, lattin zuwa ne. Sai an gama yawon masu hayaƙi wata 10 a kawo mana mutum a kan tabarma, in ya cika a ce asibiti ne. Kuma Kafosi ma ba fiɗa ake yi masa ba. In tabban kaɗan ne, sau da yawa maganin garkuwar kaɗai yana sa su lafa. Amma mai kumburin ƙafa irin wanda ta kwatanta sai an haɗa da kemo, maganin daji da ake bayarwa ta ƙarin ruwa.

'Yar Kabi kuma, abin Kano ya faru, ba mai musu, kuma babban abin da aka yi ta shari'a a kai shi ne ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. To ita wannan ga takarda an miƙa mata an ce ta je gida ta yi tunani. Kuma ku sani, maganin kemo da aka fi yarda da shi yau ga Kafosi mai tsanani, paclitaxel, ta bincike aka tabbatar da fifikonsa a kan waɗanda ake bayarwa da. Majinyata a Kenya da Malawi da Uganda da Zimbabuwe da wasu wuraren ne suka sa hannu, sakamakon ya fito a 2020. Da duk sun ƙi, da har yau tsohon ake ɗura wa mutane.

Ke mai tambaya, Talata ki tambaye su baki da baki: magani za su gwada a jikinsa, ko jini da yawu kawai za su ɗiba su riƙa duba shi? Kwamitin ɗa'a na asibitin ya amince? Sunansa zai fito? Ina za a kai naman? Ki ce a karanta muku da Hausa a ba ku kofi. In suka yi ƙwauron amsa ki ajiye musu biro. Sannan me kuke shafa masa ko ba shi a gida? Na san halinku.

Mai tambaya: Ba komai sai man zaitun da habbatus sauda. Sai sha-ka-fashe da na sayo masa a kemis, saboda bikin ƙanwarsa ya matso kuma ya rame har an fara magana.

Hajiya Nas Mai Ritaya: La haula! Tun yaushe?

Mai tambaya: Wata 2 ko fi. Kuma ya yi kumari, kowa ya ce ya murmure.

Hajiya Nas Mai Ritaya: Kumburi ne ba ƙiba ba. Mafi yawan abin da ake ƙullawa a leda da sunan sha-ka-fashe akwai dexamethasone ko ɗan uwansa a ciki, aikinsu danne garkuwa, kuma an san suna hura Kafosi. Kin zuba wa wuta kananzir. Amma kar ki tsayar masa dare ɗaya, wanda ya daɗe yana sha a hankali ake janye masa. Ki ɗauki ledar ki kai wa likita, kar ma ki jira Talata.

Mai tambaya: Hajiya ba ki san gidan da nake ba. Da ban yi haka ba da tuni an ce ni na kawo masa ciwo, don dama ana cewa tun da ya aure ni bai ga daidai ba. Ni na yi abin da zan iya. Ban zo nan don a yi min faɗa ba, takarda na tambaya.

Maman Walid: Hajiya a sassauta mata, tana cikin tashin hankali.

Zainabu Gusau: Ni maganar kuɗi zan yi, don ba wanda ya taɓo ta. Mahaifiyata kemo 6 aka rubuta mata, a na 4 muka tsaya, gona 2 sun tafi. Ga hanya, kowace tafiya sai mun yi sallama da yara kamar ba za mu dawo ba, kun dai san halin da hanyoyinmu suke ciki. Yayyena maza kowa ya kashe waya. In binciken nan zai ɗauke muku ko kuɗin awo ne, ki sa hannu da hannu biyu. Wanda bai taɓa tsayawa a layin biyan kuɗi ba shi ke cewa kar a sa.

'Yar Kabi: Ai da talaucin ake kama mu.

Hajiya Nas Mai Ritaya: Kuma ke kanki fa? Duk kin tattara hankali a ƙafar miji. Mace mai wannan cuta ta ninka sauran mata sau 6 wajen haɗarin sankarar bakin mahaifa, ita ma bairos ce ke kawo ta, HPV, nau'i na 16 da na 18 su ke da kusan kashi 70 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ɗauke da cutar ta fara gwajin tun tana shekara 25. Kin taɓa yi? Minti kaɗan ne, in an ga alama tun ba ta zama daji ba a take ake ƙone ta. Mu a Kabi ba mu da uzurin rashin ji, shekara nawa Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, matar tsohon gwamnanmu, ta yi tana wannan kira. In kina da 'ya mace tsakanin 9 da 14 ki kai ta rigakafin HPV da aka fara a Oktoban 2023. Shi kuma a duba masa ciwon hanta nau'in B, don ƙwayar da kuke sha tana danne shi ma, mai shi in ya tsayar da magani hantar na iya tashi. In kuma kin ji kaluluwa a wuya ko hammata wadda ba ta baje ba, ki faɗa musu.

Maman Sadik: Wannan allurar ta 'yan mata ni ban yarda da ita ba, an ce ta hana haihuwa ce. Da suka zo makarantar su Ummi na hana.

Hajiya Nas Mai Ritaya: An ce, an ce. Haka aka ce da ta shan inna a 2003, muka ga yaran da suka shanye. Wasu ƙasashen tun 2006 suke yin ta HPV, waɗanda aka yi wa suna nan suna ta haihuwa.

Ummu Hanan: Ni tambaya ɗaya gare ni. Kin ce ya ƙaro aure. Amaryar ta sani? An gwada ta?

Mai tambaya: Wannan tsakaninsu ne.

Ummu Hanan: Tsakaninsu? Wata 8 ba ya shan magani, ya dawo yana kwana ɗakinta! Ni aka yi wa haka, na san zafinsa. Ki ji tsoron Allah.

Mai tambaya: In na buɗe baki gidanmu da gidansu duk ɗaya ne, babana ma sai ya ji. Ke da kika rabu da naki kina da inda kika koma. Na ce masa ya kai ta, ya ce sai ƙafar ta yi sauƙi. Ita kuma ko gaisuwar kirki ba ta yi min, in na ce ta je awo cewa za ta yi baƙin ciki nake da cikinta.

Hajiya Nas Mai Ritaya: Ciki gare ta?! Wata nawa? Ta fara awo? Yarinya, ki manta da takardar nan tukuna, ki amsa min wannan.

Inna Kulu Gwandu: Ku bar ta ta huta hakanan. Ɗiyata in kina son kwatancen mai maganin ki yi min magana ta gehe.

Mai tambaya: Na gode duka. Inna ta riga ta aika an ɗauko wani, gobe da safe zai zo ya duba ƙafar, ba ni da ikon hanawa. Takardar tana ƙarƙashin katifa. Zan ga yadda Talatar za ta kasance, don har yanzu kuɗin motar ma bai haɗu ba.

Hajiya Nas Mai Ritaya: Ban ji amsar cikin ba.

Zainabu Gusau: Yau Laraba. Admin, ko ta turo miki wani abu?