Labarin da masu karatu suka juya wa akala, na wa ne?

A zauren marubuta da masu karatu na Jos da ke WhatsApp, wata marubuciya, Maman Hanif, ta fasa kashe jarumar littafinta saboda magiyar masu sharhi. Daga nan gardama ta tashi.

Malam, Bauchi Road: Ina nan a kan bakana. Tunda masu karatu ne suka sauya ƙarshen labarin, littafin ya zama na zaure. Haka muka taso da tatsuniya. Wa ya mallaki Gizo da Ƙoƙi? Kowace kaka da irin gishirin da take ƙarawa.

Maman Hanif, Unguwar Rogo: Malam, da girmanka, ban yarda ba. Ni nake zama bayan isha'i, yara sun kwanta, ina taipin da babban yatsa har wuyana ya ƙage. In an ɗauke wuta in lallaɓa da ragowar caji don kar a wayi gari ba sabon shafi. Mai sharhi layi ɗaya take turowa: don Allah Anti kar ki kashe ta. Amma yadda za ta rayu, da abin da mijin zai faɗa a bakin gadon asibiti, da kukan uwarta, duk daga kaina suke fitowa.

Yaya Babba, Gangare: Doka ma tana bayanki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, aikin da aka rubuta take karewa, ba shawarar da wani ya bayar ba.

Malam: Ba kotu nake nufi ba, Yaya. Adalci nake nufi. Ba don su ba, da labarin bai kai inda ya kai ba.

Auta, Jami'ar Jos: Ni damuwata daban ce. A Wattpad, dandalin rubuta labarai da karanta su a intanet da aka kafa a Kanada a 2006, mai karatu yana iya yin sharhi a kan kowane sakin layi, marubuciya tana gani nan take. Nan kuma wadda ta biya kuɗin shiga zaure gani take sai abin da ta ce. Shi ya sa labaran suke kama da juna: kishiya ta wulaƙanta, jaruma ta auri mai kuɗi. Ku duba Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata ta BBC Hausa, tun 2016 sai mace ta kammala labarinta kafin alƙalai su gani, kuma a can ake samun labaran da suke ƙarewa da ɗaci.

Maman Hanif: Wannan gaskiya ce, Auta, kuma tana ci mini rai. Amma Malam, maganar "na zaure ne" ita ce hujjar masu tattara shafukanmu su goge suna su raba kyauta. An yi mini haka da littafina na farko, ina ji ina gani.

Malam: Wannan sata ce, ban goyi baya ba. To, ki riƙa gode wa zauren a shafin farko mana.

Maman Hanif: Godiya zan rubuta, Malam, da zuciya ɗaya. Bangon littafi kuwa sunana ne kaɗai zai hau.